Kafin ka sayi injin jirgin ruwa na hannu, ajiye kunya a gida 🧵

1/
Jiya wani ƙanina ya turo min bidiyo ta WhatsApp: injin jirgi mai doki 40, an soka ƙafarsa a duro yana ta ruri, fenti sai ƙyalli. Ya ce "Yaya, rabin kuɗin sabo ne, in tura?" Na ce kar ka tura ko sisi. Abin da na faɗa masa shi zan faɗa muku. Zaren da ɗan tsawo, ku gyara zama.

2/
Ra'ayina a taƙaice: sayen inji na hannu ba laifi ba ne. Yawancin jiragen da ke aiki daga Yauri zuwa Warra da Malale da irinsa suke tafiya. Laifin yana wajen yadda muke sayensa. Muna saye da kunya, da gaggawa, da "wallahi lafiya lau yake". A kan ruwa waɗannan ukun kashe mutum suke.

3/
Mashin ɗinka in ya mutu, ka sauka ka tura shi gefen titi ka kira bakanike. Jirgi fa? Babu gefen titi a tsakiyar Neja. Inji na tsayawa ruwa ya karɓi tuƙin. Jirgin ya juya ya ba igiyar ruwa gefensa, in akwai iska da lodi kuwa sai dai addu'a.

4/
Ba a littafi na karanta ba. Ni da yayana mun taɓa haɗa kuɗi muka sayi inji don jigilar ranar kasuwa. Mai sayarwar dattijo ne, abokin kawunmu. Ya ja igiya sau ɗaya inji ya tashi. Na so in ce a buɗe a duba, yayana ya taka min ƙafa. Wai ya za a yi mu tuhumi sa'an mahaifinmu.

5/
Sati na uku. Mun ɗauko buhunan albasa da mutane, har da mata masu goyo. Muna tsakiyar ruwa ƙarar inji ta sauya, wari ya tashi kamar ana ƙona roba, sai tsit. Na ja igiya har hannuna ya yi jini. Filafilin tuƙi ɗaya ne a jirgin, shi ma ya tsage.

6/
Ban manta wata baiwar Allah da ta kwance goyonta ta rungume shi a ƙirji tana salati ba. Ba ta zage mu ba, kallona kawai take. Wasu Sarkawa masu su ne suka hango mu suka ja mu zuwa gaɓa. Ba wanda ya rasu, Alhamdulillahi. Amma wannan kallon ya hana ni barci kwana da kwanaki.

7/
Da bakanike ya buɗe, sai ya kira ni: "Zo nan yaro, ka gani da idonka." Robar famfon ruwa ta kakkarye. Man giya ya zama kamar kindirmo. Silinda ɗaya ta gama aiki tun tuni. Ya ce "Duk wannan da kun ba ni awa ɗaya kafin ku biya, da na nuna muku." Awa ɗaya fa, jama'a.

8/
Kuma abin mamaki, ban yarda dattijon nan cutarmu ya yi niyya ba. Shi ma haka ya saye shi, haka yake lallaɓa shi. Wannan ya sa nake cewa amana ba ta maye gurbin gwaji. Mutumin kirki yana iya sayar maka da mataccen inji da zuciya ɗaya.

9/
To ga yadda nake dubawa yanzu, bi da bi. Ka yi sebin ɗin zaren ko ka tura wa mai buƙata.

Na farko: ka je da NAKA bakaniken. Ba wanda mai kaya ya kira maka ba, ba dillali ba. Kai za ka biya shi kuɗin motarsa da na aikinsa, ko an yi ciniki ko ba a yi ba, don kar ya zama sai an saya zai ci abinci.

10/
Na biyu: ka ce kar a tada shi kafin ka iso. Kana zuwa, cire murfi ka ɗora tafin hannunka a kan injin. In ka ji ɗumi, an riga an tashe shi. Gajiyayyen inji da zafinsa yana tashi kamar sabo. Halinsa na gaskiya sai da sanyin safiya, lokacin da kai ma za ka riƙa tada shi.

11/
Na uku: sabon fenti ba abin murna ba ne, abin tambaya ne. Me aka rufe? Duba kawunan notina. In sifana ta cinye gefensu, an sha kwance shi. Duba inda kan inji ya haɗu da gangar jiki: in fenti ya ƙone ya yi duhu ko ya kumbura a nan, injin ya taɓa yin zafin da ya wuce ƙa'ida.

12/
Na huɗu: lamba. Akwai ƙaramin allo a jikin maƙalin da ake ɗaure inji a bayan jirgi, mai ɗauke da samfurin inji da lambarsa. In an kankare, ko an cire, ko an shafe da fenti, tashi ka tafi. Ana satar injin jirgi sosai, don mutum biyu sun isa su kwance shi da dare su ɗauke.

13/
Sitika kuma ba shaida ba ce. Yamaha Enduro ne ya fi yawa a ruwanmu, kuma akwai injuna ƙirar Chaina masu kama da shi sosai. Ba na kushe su, wasu suna aiki daidai kuɗinsu. Abin da ba na so shi ne a sauya murfi a manna suna, ka biya kuɗin wani ka tafi da wani.

14/
Na biyar, kuma shi ne zuciyar maganar: matsin silinda, abin da bakanikai ke kira kwamfireshan. Akwai ɗan agogon awo da ake ɗaurawa a ramin fulogi a ja igiya. Minti goma ya isa. Shi ne yake gaya maka ko fistin da ringi suna da sauran rai.

15/
Abin da za ka kalla shi ne tazarar da ke tsakanin silindojin. Kar ta wuce kashi 10 cikin 100. In ɗaya ta ba da 120 ɗaya 115, ba damuwa. In ɗaya 120 ɗaya 85, wannan inji a ƙafa ɗaya yake tafiya. Gyaransa sai an fasa shi gaba ɗaya, kuma a nan arahar taka za ta ƙare.

16/
In bakanikenka ba shi da agogon, ku aro. In ba a samu ba, aƙalla ja igiyar a hankali da hannunka. Lafiyayyen inji yana turjiya, ka ji yana maido maka da hannu a kowane zagaye. In igiya tana zuwa salin-alin kamar kana jan guga babu ruwa, akwai magana.

17/
Tunda an cire fulogi, kalle su. Ruwan ƙasa-ƙasa ko ɗan baƙi kaɗan, daidai ne ga inji mai cin mai haɗe da fetur. In ɗaya ta fita fes kamar an wanke ta alhali 'yar uwarta da datti, ko ka ga ɗigon ruwa ko tsatsa a kanta, ruwa yana shiga silinda. In duka sabbi ne dal, tambayi ina tsofaffin.

18/
Na shida: fitsarin inji. Eh, haka muke kiransa 😅 Injin jirgi da ruwan kogin yake sanyaya kansa. Yana zuƙa ta ƙasa, ya zagaya da shi, ya tsarto kaɗan ta wani ɗan rami a baya don ka san famfo na aiki. Da ya tashi, cikin 'yan daƙiƙu ya kamata ka ga tsartuwar da ƙarfi.

19/
In ɗiɗɗiga yake, ko yana yi yana yankewa, ko ruwan ya yi zafin da hannu ba zai jure ba, kar a ce maka "ai datti ne kawai". Wataƙila dattin ne, a zura waya a gani. In bai gyaru ba, famfo ne ko hanyar ruwan ta toshe. Abin da ya tsayar da mu a tsakiyar kogi kenan.

20/
Famfon nan wata 'yar roba ce mai fukafukai. Ruwa ne man shafawarta. In aka tada inji a busasshiyar ƙasa, kafin minti ɗaya ta fara ƙonewa. Don haka duk mai kayan da ya ja igiya inji na rataye a sama don ya burge ka, a gabanka ya lalata shi. Kuma ka san ba yau ya fara ba.

21/
Ruwanmu ma ba ya raga mata. Da damina kogin yana ɗauke da yashi da laka, su kuwa cin robar suke kamar fayil. Shawarata: ko gwaji ya nuna lafiya, ka sa sabuwa kafin ka ɗauki fasinja na farko. Tana cikin kayan da suka fi araha a jikin injin, ita ce kuma ke iya kashe shi gaba ɗaya.

22/
Na bakwai: man giya. A can ƙasa kusa da farfela akwai noti. A sassauta shi a tari 'yan ɗigo a farar takarda ko murfin roba. Mai kyau kamar zuma yake, ko ya ɗan yi duhu in ya tsufa. In ya fito fari-fari kamar madara, ruwa ya shiga. In ruwa zalla ya fara fitowa, abin ya yi nisa.

23/
Murza man tsakanin yatsunka. Ɗan gari mai laushi kamar toka ba abin tsoro ba ne. In ka ji ɓarɓashin ƙarfe yana sukar yatsa, haƙoran giya ne suke cin junansu. Idan kuma mai kaya ya ce "yanzu na zuba sabo", to sai a sake dubawa bayan an dawo daga gwaji a ruwa.

24/
Me ke shigar da ruwan? Sau da yawa zaren raga ne. Yana naɗewa a sandar farfela ta baya inda ido ba ya gani, ya yi ta yanka robar da ke tare mai har ta buɗe. Mu da muke tafiya inda masunta ke shimfiɗa raga kullum, dole a cire farfela a leƙa bayanta.

25/
Farfelar kanta: duba ko ta lanƙwashe, ta gutsure, ko an yi mata walda. Sa giya a firi, inji a kashe, ka juya ta da hannu kana kallon tsakiyar sandar. In tana rawa, sandar ta karkace. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya rufe itatuwa, kututturansu na nan a ƙasa suna jiran farfela.

26/
Na takwas: daga ina ya zo? Injin da ya yi aiki a ruwan gishiri, irin na bakin teku wajen Legas ko Kwatano, gishiri yana cinsa ta ciki in ba a riƙa wanke shi da ruwan daɗi ba. Alamarsa farin gari a gindin notina da ƙuraje a ƙarƙashin fenti. Noti ya ƙi kwancewa, ka matsa ya karye.

27/
Na tara: tsawon ƙafa. Wannan mutane da yawa ba sa lura. Akwai gajere, wajen inci 15, akwai dogo, wajen inci 20. A lambar samfurin za ka ga S ko L. Auna katakon bayan jirginka tukuna. Faffaɗan ƙarfen da ke saman farfela ya kamata ya zo daidai da gindin jirgi ko ƙasa kaɗan.

28/
In ƙafar ta gaza, farfela za ta riƙa shan iska, inji na ihu jirgi ba ya gaba, famfo ma ya rasa ruwa in igiya ta ɗaga bayan jirgi. In ta yi tsawo da yawa, ka sha mai a banza kuma ka yi ta dukan ƙasa da rani. Inji lafiyayye a jirgin da bai dace da shi ba, asara ce.

29/
Na goma: gwajin duro ba gwaji ba ne. A duro inji ba ya ɗauke da komai. Kamar a ce ɗan dako ya yi tsalle a gabanka ka ce ai zai iya buhu. Ku ɗaura shi a jirgi, ku sa nauyi kwatankwacin wanda za ka riƙa ɗauka, ku yi aƙalla rabin awa a ruwa. Kai ka sayi man gwajin.

30/
A ruwan ka lura da huɗu: yana zama a silo ba tare da ya mutu ba? Giyar gaba da ta baya suna shiga ba gurnani, ba sa fita da kansu? In ka murɗa wuta duka yana amsawa ko yana shaƙewa? In ka kashe shi da zafinsa ka jira minti biyar, yana sake tashi? Na ƙarshen nan yana tona asiri sosai.

31/
Ka kuma gwada makashin gaggawa, wato 'yar igiyar nan da matuƙi ke ɗaurawa a hannu, wadda in ya faɗa ruwa take fizgewa inji ya mutu. A injuna da yawa an cire ta an haɗe wayar. Jirgin da matuƙinsa ya faɗa ruwa inji na ci, zagaye yake yi, kuma farfela ba ta san mai gida ba.

32/
Tambaya ɗaya da nake yi wa mai kaya cikin hira: "Baba, wane mai kake haɗa masa, kuma nawa?" Yawancin irin waɗannan injuna awonsu 50 ne da 1, wato jarka mai lita 25 ta fetur tana cin rabin lita na mai. In ya ce "da ido nake zubawa", ko baƙin man mota yake sa masa, ka san irin rayuwar da injin ya yi.

33/
Yanzu bari in amsa abin da na san za a rubuto a ƙasa.

"Malam, ai duk wannan tsirfa ce, mai kaya ba zai yarda ba." To ya riƙe kayansa. Wanda ya san injinsa lafiya yake ba ya tsoron sifana. Ƙin yarda a buɗe ma amsa ce, kuma kyauta ka same ta.

34/
"Ai rashin kunya ne ka binciki babba." Ana bincike da ladabi. Ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce "Baba, ba don ban yarda da kai ba, rayukan mutane zan ɗauka, ka yi min izini a duba." Dattijon arziki zai sa maka albarka. A fiƙihu ma mai saye yana da haƙƙin mayar da kaya in aibin da aka ɓoye ya bayyana. Ba mu muka ƙirƙiro ba.

35/
"Ba kuɗi ne, mai arahar muke iyawa." Wannan na fahimce shi, don ni ma shi ya kai ni. Amma yi lissafi: kuɗin inji, da kuɗin fasa shi, da satin da jirgi zai yi a ɗaure ba ciniki, da man da gajiyayyen inji ke sha fiye da ƙima a wannan tsadar fetur. Mu sai da muka kashe abin da ya kusa sayen mai kyau tun farko.

36/
In kuɗinka bai kai lafiyayyen mai doki 40 ba, sayi lafiyayyen 15 ko 25 ka rage lodi da nisan tafiya. Samari muna son babban inji don a ji ƙararmu a bakin ruwa. Fasinja ba ruwansa da ƙara, so yake ya sauka da ƙafarsa.

37/
"Ai hatsarin jirgi lodi ne ke kawo shi, ba inji ba." Akwai gaskiya a nan. Jirgin da ya nitse kusa da Warra a watan Mayun 2021, da na Bagwai a Kano a ƙarshen shekarar, da na Patigi a 2023 mai ɗauke da 'yan biki, duk an yi maganar yawan lodi. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

38/
Amma lodi da inji ba kishiyoyi ba ne, tare suke aiki. Jirgin da aka cika, ƙarfin inji ne kaɗai ke riƙe hancinsa yana fuskantar igiya. Ya mutu, jirgi ya juya gefe, mutane su firgita su koma ɓangare ɗaya. Na ga farkon wannan da idona. Abin da ya cece mu ranar, iska ba ta da ƙarfi.

39/
"Komai ajali ne." Haka ne, ba mai musu. Amma wanda ya ɗauki kuɗin mutum ya sa shi a jirgi ya ɗauki amana. Ba za ka ƙi duba man giya don kunya ba, sannan ka jingina abin da ya biyo baya ga ƙaddara. Tawakkali yana zuwa ne bayan ka yi naka.

40/
In an daidaita, a rubuta. Sunan mai sayarwa, lambar inji, kuɗi, kwanan wata, shaidu biyu, in da hali a gaban shugabannin masu jirgi na wurin. Ka nemi sharaɗin kwana uku ko mako: in aibi ya fito a dawo da kuɗi. Ka ɗauki hoton lambar da wayarka. Kar ka tura kuɗi kan bidiyo, ko wa ya turo.

41/
Kuma kar ka kashe duk kuɗinka a kan injin. Ware na sabuwar robar famfo, sabon man giya, fulogi biyu na ajiya, igiyar tayarwa ta ajiya, filafili biyu masu kyau, da rigunan ceto. Hukumar NIWA ta wajabta rigar, ta kuma hana tafiyar dare. Ko ba jami'i a bakin ruwa, ruwan yana nan.

42/
Ku da ba ku da jirgi, fasinjoji ne kawai, ku ma kuna da ido. Kafin ka shiga, leƙa bayan inji ka ga ko yana tsarto ruwa. In an ja igiya sau goma bai tashi ba, ana ta bubbuga shi da sifana, sauka ka jira na gaba. A yi maka dariya a gaɓa, ba komai.

43/
Ƙanin nawa ya ji haushi jiya, ya ce wani zai riga shi. Na ce ya riga ka ɗin. Mun yi da shi ranar Asabar za mu je da bakanike, da agogon awo da farar takarda, da sassafe kafin a tada shi. In injin ya ci jarrabawa zan dawo in faɗa muku, in ya faɗi ma zan faɗa.

44/
Masu jirgi da bakanikan Yauri, Shiroro, Lokoja, Baga da sauran bakin ruwa, me na manta? Ku ƙara a ƙasa, mu ƙaru da juna. Wanda kuma yake da ɗan uwa mai shirin sayen inji, ya tura masa kafin ya biya.

Allah Ya tsare mu a ruwa da tudu. 🤲